Labarin Mutanen Miga da Suka Zaga Garin Badagiri a Kan Babur

  

Ya ku malamai da fatake, ku sani hanyar da ta tashi daga ƙasar Hausa ta gangara bakin teku ba sabuwa ba ce. Tun kafin dogo ya iso Kano a 1911, ayari ya kan bi ta da jakuna, a kai kanwa da fata da tufafin rini, a komo da goro da gishiri da hajar Turawa. Yau kuwa manyan motoci ke bin ta dare da rana, da shanu da raguna da albasa da barkono. Amma yawancin masu zuwa ba su ganin kome sai kasuwa da masauki. Mutum ya yi shekara ashirin yana zuwa Ikko, in an tambaye shi kuɗin rago ya faɗa nan take, in an tambaye shi labarin ƙasar ya yi shiru. Alhali kuwa akwai wani yanki na tarihin Hausawa a ajiye a bakin tekun nan, ba a Kano ba, ba a Sakkwato ba. Ga labarin mutanen wani gida da suka ba da wuni guda suka je suka gani.

Dalilin tafiya

Miga gari ne a masarautar Dutse, cikin Jihar Jigawa wadda aka yanke daga Kano a 1991. Mutanensa manoma ne da masunta, gama suna kusa da fadamun kogin Haɗeja. In ruwa ya zo daidai shinkafa ta yi, in ya yi yawa ambaliya ta cinye gona. Saboda haka samari da yawa su kan tafi ci-rani. Ɗan ci-ranin da, da sanda da buzu ya ke tafiya. Na yanzu da babur. Masu karatu za su tuna a watan Agusta na 2019 ma'aikatan gwamnatin Ikko suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka bincike su, ba a sami laifi ba, aka sake su. Sa'an nan a 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi goma na tsakiyar Ikko, samari suka watsu zuwa gefe.

A cikin waɗanda suka watsu akwai 'ya'ya biyu na wani Alhaji, mutumin Miga, wanda ya daɗe yana kai raguna kudu gabanin Layya. Su suka koma Badagiri, can yamma da Ikko wajen iyakar Jamhuriyar Benin, wadda dokar ta 2022 ba ta haɗa da ita ba. Da shekara biyu ta wuce ba su zo gida ba, uwarsu ta matsa sai ta gan su da idonta. Bayan an gama girbi Alhaji ya ɗauke ta, da autansu, almajiri ɗan shekara goma sha biyu, da wata jikarsu. Suka bi ta Jahun da Gaya da Wudil zuwa Kano, suka shiga motar dare, suka ƙetare Kwara a Jaba, suka wuce Ilori da Badun, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. A rana ta uku suka sauka Badagiri.

Da suka huta, babban ɗan ya ce, "Baba, shekara nawa kana zuwa ƙasar nan, amma ba ka taɓa ganin wurin da baƙaƙen Amurka da na Birazil ke zuwa ba. Mu ne ke kai su a babur. Su shiga da dariya, su fito da hawaye."

Alhaji ya ce, "Hawaye kuma? Me a ke yi musu a ciki?"

Ya ce, "Ba a yi musu kome, Baba. Sai dai ka gani."

Kashegari da hantsi aka jera babura uku, biyu nasu, ɗaya na aro daga wani ɗan garinsu. Nan aka ɗan yi jinkiri, domin uwargida ba ta hawa bayan ɗan farinta, ko sunansa ma ba ta faɗa, saboda kunya. Sai Alhaji ya karɓi babur na aron da kansa, ta hau bayansa, auta ya hau bayan babban wansa, jika ta hau bayan ƙaramin. Alhaji ya ce ba mai motsawa sai kowa ya sa hular kwano, ya cire tasa hular ya naɗe ya sa aljihu, yana cewa kai ɗaya Allah ya ba mutum.

Garin Badagiri

Badagiri garin Egun ne, tare da Yarabawa da baƙi, sarautar garin kuwa Akran a ke ce da ita. Garin ba a bakin babbar teku ya ke ba sosai. Yana bakin wani ruwa ne mai kwanciya, wanda ya miƙa gabas har Ikko, ya miƙa yamma har Ajase, watau Porto-Novo. Tsakanin wannan ruwa da teku akwai siririn tudun rairayi cike da itatuwan kwakwar Attagara. Wannan shi ne asirin arzikin garin a da: kwalekwale ya kan yi yawo cikin aminci a ruwan ciki, jiragen Turawa kuwa su tsaya a waje suna jira. A ƙarni na 18 Badagiri ta zama ɗaya daga cikin ƙofofin da daular Oyo ke fitar da bayi, har ta tsone wa maƙwabta ido, rundunar Dahome ta ci ta a 1784.

Suka bi titin bakin ruwa a hankali. Suka tsaya a wani farin bene ƙarami wanda 'yan mishan na Ingila suka gama ginawa a 1845, mutanen garin suna kiransa bene na farko a Nijeriya. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a hankali, watakila dai na farko irin ginin Turawa, gama soraye na ƙasa sun daɗe a Kano. Daga nan suka wuce tsohon ofishin Turawan mulki na 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Ingila, wanda yanzu aka mai da shi gidan kayan tarihi.

A wannan gaɓa ce Bature Clapperton, wanda a ƙasar Hausa a ke kira Abdullahi, ya sauka a ƙarshen 1825 da baransa Lander, suka kama hanyar tudu ta Katunga zuwa Kano da Sakkwato, inda ya mutu a watan Afrilu na 1827. Tafintansu kuwa Bagobiri ne, sunansa Abubakar, Turawa suna ce masa Pasko. An kama shi, an sayar hannu zuwa hannu har cikin jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka ƙwace jirgin suka 'yanta shi. Watau ya gangara a ɗaure, ya hau da ƙafarsa. Irinsa kaɗan ne ƙwarai.

Gidan Sarki Abbas

Sa'an nan suka shiga gidan kayan tarihi na zuriyar Mobee, ɗaya daga cikin gidajen sarautar garin. Aka nuna musu sarƙoƙin wuya da mari na ƙafa da kwaɗon da aka ce da shi a ke kulle leɓen bawa. Uwargida ta ɗaga wata sarƙa da hannu biyu da ƙyar. Da ta ga wani mari ƙarami, ta tambaya na mene ne, aka ce na yara ne. Ta dubi jikarta, ba ta sake cewa kome ba.

Daga nan sai gidan da ya fi tsaya wa Alhaji a rai. Gida ne mai tsakar gida da ɗakuna arba'in ƙanana, kowane da 'yar taga ɗaya can sama. Masu yi wa baƙi jagora suna cewa mutum arba'in a kan zuba a ɗaki guda su jira jirgi. Suna nuna wata tsohuwar laima, suna cewa mutum arba'in aka bayar aka karɓe ta. Mai gidan shi ne Seriki Williams Abass. Labarin da zuriyarsa ke bayarwa shi ne, shi kansa an kama shi yana yaro a ƙasar Yarabawa, ya faɗa hannun wani Musulmi mai suna Abbas, daga nan ya koma hannun wani Bature Williams wanda ya kai shi Birazil, ya koyi karatu da harsuna, ya komo ya shiga cinikin da aka yi da shi. Ya yi arziki, aka naɗa shi shugaban Musulmin Badagiri, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki kuwa ba wata ba ce, Sarki ce ta Hausa a bakin Yarabawa.

Alhaji ya ce wa mai jagora, "Malam, ka ce Sarkin Musulmi?"

Ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Alhaji ya yi ta salati. Ya shigo yana tsammanin zai ji labarin zaluncin Nasara kaɗai, sai ga shi ya tarad da sarautar da ya sani a ƙofar kurkuku.

Wa aka sayar, wa ya sayar

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi adalci, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bature bai shiga dajin Rano ko fadamar Haɗeja ya kama kowa ba. A jirginsa ya zauna, aka kawo masa. Masana lissafin wannan ciniki sun ce mutum wajen miliyan 12 da rabi aka ɗora a jiragen ruwa daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka cikin shekara ɗari uku da 'yan kai, wajen miliyan 2 daga cikinsu daga wannan gaɓa da ta haɗa Wida da Ajase da Badagiri da Ikko.

Malamai ba su yi shiru ba. A 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, amsa ga masu tambaya daga Tuwat, ya ambaci Kano da Katsina da Barno a cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. Ya kuma bayyana cewa sarakunan waɗannan ƙasashe su kan kai wa juna hari, su kama 'ya'ya su sayar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya hukunta haramcin bautar da ɗa Musulmi. Ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, cewa mutanen ƙasar Yarabawa suna sayen bayi daga arewa suna sayar wa Nasara a bakin teku. Da Clapperton ya same shi a zuwansa na farko a 1824, sun yi magana a kan tsai da wannan fitarwa.

Amma fatawa dabam, kasuwa dabam. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun haifar da kamammu ta kowane gefe, na jama'a da na sarakunan Haɓe. Wanda aka kama a Zazzau ya kan bi ta Nufe da Ilori, a sayar, a sake sayarwa, har ya ji ƙarar teku. Mafi yawan Hausawan wannan zamani ta Ikko aka fitar da su, waɗansu ta Ajase da Wida, waɗansu ta Badagiri. Bature Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga rumfar bayi a cikin kasuwa da idonsa. Ingila ta hana mutanenta cinikin a 1807, sarakunan Badagiri suka sa hannu a kan barinsa a 1852, amma a Arewa sai 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya. Wanda ya ce wannan laifin waɗansu ne can nesa, bai karanta littattafan malamansa ba.

Ƙetaren ruwa

Bayan azahar suka ajiye babura a mashigi, suka sa rigar ruwa, suka shiga jirgi mai inji zuwa tsibirin Gberefu. Mutumin Miga ba ya tsoron kwalekwale, saboda haka wannan bai dame su ba. Da suka sauka sai tafiyar ƙasa cikin rairayi, rana tana dukan ka. Ita ce hanyar da a ke kora bayi a jere. A tsakiya akwai wata tsohuwar rijiya, masu jagora suna cewa a kan tilasta wa bayi su sha ruwanta, wai an yi mata magani don su manta da gida. Uwargida ta riƙe hannun jikarta, ta ce kada ta kuskura ta leƙa.

Tun ba su ga teku ba suka fara jin rurinta. Da suka hau tudun ƙarshe sai ga ta, ba gaɓa a gaba, ba tsibiri, ruwa ya haɗu da sama. Wurin nan shi a ke kira inda ba a komowa. Babu wanda ya yi magana har wani lokaci.

Can auta ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Baba, wannan ruwa mai gishiri, ana alwala da shi?"

Alhaji ya ce, "Ana yi. Malamanmu sun ce ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, gama gishirinsa na asali ne, ba zuba masa aka yi ba."

Yaro ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, waɗanda aka tafi da su, in akwai almajirai a ciki, ina suka sami allo?"

Abin da teku ba ta cinye ba

Alhaji bai san amsar wannan ba, amma tarihi ya sani. Yawancin Hausawan da aka fitar a farkon ƙarni na 19 lardin Bahiya aka kai su, a ƙasar Birazil, aikin rake da dako. An raba su da suna, an raba su da dangi, an ba su sunayen Fotugis. Amma abin da ke cikin ƙirji ba a iya kwance shi a bakin jirgi. Suka sassaƙa alluna, suka dafa tawada, waɗanda suka yi karatu a gida suka zama malaman waɗanda ba su yi ba. A 1807 hukuma ta tona wani shirin tawaye na Hausawa a birnin Salbado. A 1809 da 1814 suka tashi da makami. A daren 24 ga Janairu na 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin suka yi babban tashi, mafi yawansu Yarabawa, tare da Hausawa da Nufawa. Aka murƙushe su kafin gari ya waye sosai. A cikin waɗanda aka gurfanar akwai wani Bahaushe 'yantacce, mai sayar da taba, ana ce masa Dandara, wanda aka shaida yana koyar da karatu a shagonsa.

Da 'yan sanda suka bincike gidaje, abin da suka kwaso shi ne alluna da layu da takardu masu rubutun Larabci, waɗansu da hannun gwani, waɗansu da hannun mai koyo yana maimaita sura ɗaya. Waɗansu daga cikin takardun nan suna nan a ajiye a ma'ajiyar takardun gwamnatin Bahiya. Bayan haka wani jakadan Faransa mai suna Castelnau ya zauna da bayi Hausawa a can yana tambayarsu ƙasarsu, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851: sun lissafa masa Kano da Katsina da Zazzau da zangon da aka bi da su har teku. Ashe dai maganin rijiyar, in ma an yi shi, bai ci ba. Birazil ta rufe shigo da bayi a 1850, ta kashe bauta a 1888.

Su kuwa mutanen Miga suka yi alwala da ruwan teku, suka yi la'asar a kan rairayi, suka yi addu'a ga waɗanda suka bi ta nan, wanda aka san addininsa da wanda ba a sani ba, Allah ya san bayinsa. Suka komo mashigi, suka sayi kwakwa ta tsaraba, suka hau baburansu kafin duhu.

Nasiha

Ta farko ga fatake da 'yan ci-rani. Wanda Allah ya kai shi kudu, ya ware wuni ɗaya daga cikin kwanakin cinikinsa ya je ya ga irin waɗannan wurare, gama gani ya kori ji. Akwai irinsu a Wida ta Benin, da Elmina da Cape Coast ta Gana, duk kuwa akwai zangon Hausawa kusa. In da iyali za a tafi a babur, kada a wuce mutum biyu a kan ɗaya, kowa da hular kwano, a tambayi titin da doka ta hana babur kafin a hau shi, a yi ciniki da mai jagora da mai jirgi tun kafin a shiga, a komo da sauran rana.

Ta biyu ga malamai. Almajiri ya san labarin Fir'auna da Banu Isra'ila, amma bai san an yi makarantar allo a Birazil ba, bai san abin da Ahmad Baba ya hukunta a kan Kano da Katsina ba. Wannan gibi ne, kuma ba mai cike shi sai masu alƙalami. A faɗa wa yara duka biyun: abin alfahari, da abin kunya.

Ta uku ga iyaye, ita ce mafi nauyi. Cinikin mutum bai mutu ba, riga ya sake. A 2017 duniya ta ga hotunan baƙaƙen fata ana yin gwanjonsu a Libiya, waɗanda suka bi ta Agadas suna neman ƙetarawa Turai. Tun 2003 gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP domin yaƙi da fataucin mutane, ba don wasa ba. Dillali ya kan zo ƙauye da magana mai daɗi, ya ce a ba shi yarinya zai kai ta aikatau birni, ko a ba shi yaro zai kai shi ƙasar waje, ya ajiye 'yan kuɗi a kan tabarma. Uban da ya karɓa bai tambayi gidan da za a kai ɗansa ba, bai san ranar komowarsa ba, to, ya tuna da laimar nan ta Badagiri. Su ma waɗanda suka karɓe ta a ranar sun ɗauka sun ci riba.

Allah ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa, ya komo da 'yan ci-rani gidajensu lafiya, ya tsarkake dukiyar fatake daga haƙƙin mutane. Amin. Wassalamu.